Amsa ga ɗan uwan da ke tambaya ko miliyan 12 za ta gina masa ɗaki uku da falo

Assalamu alaikum. Malam, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce kana da fili hamsin ba hamsin a bayan gari, magini ya rubuta maka lissafin ɗaki uku da falo da kicin, ya ce miliyan 12 za ta kai ka har ka tare, kana tambaya ka fara ko ka ƙara tari. Irin wannan takardar aka taɓa miƙo min. Kafin ka damu da ko kuɗin za su isa, ka fara sanin ta hannun wa za su bi.

Ni wanda ya tsaya min a kan aiki ɗan uwan maiɗakina ne, tunda aiki ba ya barina in wuni a wurin gini. A ƙarshen 2023 na ba shi kuɗin siminti buhu ɗari, ya ce ya kai wa dila an ajiye, duk ranar da ake buƙata sai a ɗebo. Ka san abin da ya faru a Fabrairun 2024, buhun da kafin cire tallafin mai bai kai dubu biyar ba ya haura dubu goma, har gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti aka ce a sayar tsakanin dubu 7 da dubu 8. Ni kuwa hankalina kwance, ina cewa ai nawa yana ajiye. Ranar da za a zuba linta na je shagon da kaina. Dilan ya buɗe littafi, ya juyo min da shi, ya ɗora yatsa a kan layin: buhu arba'in aka biya, kuma an riga an kwashe. Wallahi a kan bencin ƙofar shagon na zauna, kunnena ya daina ji. Na kira ɗan uwan maiɗakin nawa, ya ce min wai ya juya kuɗin ne a harkar hatsi don ya ƙaro min riba. Riba! Har yau ko sisi bai dawo ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zaman sulhun. Aka taru a zauren surukina, kowa yana cewa a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi, shi kuma yana gefe ya sunkuyar da kai yana danna waya. Babu wanda ya tambaye ni da me zan rufa ginin. Haka bango ya sha damina a tsaye ba rufi, ga mai gidan haya ya ƙara kuɗi. Cikin Agusta bangon baya ya zube, na ɗauki guntun bulo na murza a tafin hannu ya koma gari. Ashe bulon ma na arha ya sayo, ya rubuta min kuɗin mai kyau. Maiɗakina ta yi kwana da kwanaki ba ta iya haɗa ido da ni, alhali ba ita ta yi ba. Har yanzu in muka haɗu a wurin suna ko jana'iza shi yake fara miƙo hannu, kamar ba a yi komai ba.

To, ka ɗauko takardar nan ka sake dubawa. Na tabbata akwai bulo, siminti, rodi, katako, kwano da kuɗin aiki. Ka duba ko akwai ciko. In filin kwari ne, tifa nawa ta ƙasa za ta shiga kafin a zuba jamin fulo, wato daɓen kankaren ƙasan gida? Akwai sokawe? Katanga da get fa? Ruwan da za a yi aikin da shi, in babu rijiya, 'yan garuwa za su riƙa karɓar kuɗi kullum har a gama filasta. Wayarin, famfo, ƙofofi da tagogi, silin, tayil, fenti, janyo wuta daga fal. Waɗannan magina ba su cika rubutawa ba, don in suka rubuta za ka tsorata ka fasa. A wurina abin da na kashe bayan an buga kwano ya kusa kamo abin da na kashe kafin nan. Duk jimlar da ka samu ka ɗora mata kashi 20 cikin 100 a gefe, ka manta kana da su.

Kaya kuma ka sayo da ƙafarka. In a Kano kake, ka shiga Ƙofar Ruwa ka taya rodi a shago uku ko huɗu, katako ka je Na'ibawa. Rodi mai kaurin milimita 12, sanda mai tsawon mita 12, tan ɗaya bai kamata ya wuce sanda 94 ko kusa da haka ba. In aka ce maka tan ɗinsu ya haura ɗari da yawa, siriri ne, kada arha ta ja ka. Bulo ka tambayi guda nawa suke fitarwa a buhu, ka ɗaga ɗaya ka sake shi a ƙasa a gabansu. In da hali a buga maka a filinka kana tsaye, a yi ta ba shi ruwa sati guda. Siminti kada ka jibge da yawa, in ya wuce wata uku yana fara dunƙulewa, ko da ka ɗora shi a kan katako. In za ka ajiye kuɗi wurin dila, kai za ka je, rasit da sunanka da adadin buhu. Kada ka aiki kowa, ko uwarku ɗaya ubanku ɗaya.

Magini ku yi jinga mataki-mataki: fandisho kuɗinsa daban, zuwa linta daban, a gama a biya. Kuɗin rufi ka ware su tun yau a wani asusun, kuma ka auna lokacinka yadda kwano zai hau kafin ruwan Yuni. In ka ga ba za su kai ba, ka zuba fandishon gidan duka, ka tayar da ɗaki biyu da bayi ka rufa, ka shiga. Kuɗin hayar da ka huta biya su za su yi sauran. Wannan falon ƙato da kowa yake yi yanzu don a ce, da silin mai fitilu kala-kala, wa ya aike mu? Maƙwabcina ya haɗa ginshiƙai biyu a ƙofar gida, shekara ta zagayo tagoginsa har yanzu buhu ne.

Af, takardu. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ba ita ce izinin gini ba. Ka sa kuɗin zane da na neman amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, cikin lissafin in a Kano kake, ka tabbatar filin ba a kan hanya ko magudanar ruwa yake ba. Mun ga rusau a Kano a 2023, ba labari aka ba mu ba.

Ka faɗa mana unguwar da filin yake, tudu ne ko kwari, sannan ka ɗauki hoton takardar maginin ka turo. Akwai masu sana'ar a cikinmu, za su nuna maka abin da ya tsallake. Allah ya sa albarka, ya haɗa ka da masu amana.