Tambayi Koci: Shingad ɗin gayu ko wanda zai tsare ƙwabri?

TAMBAYA: Salam Koci, ya aiki ya zafi. Ni shekarata 19, ina buga lamba 6 a wani kulob na unguwa nan Mabera cikin Sakkwato kuma mun shiga gasar da za a fara bayan sallah. Satin da ya wuce wurin tirenin wani ya sa man ƙafa a ƙwabri har yau wurin bai sace ba, kuma fa da kwali cikin safata don shi muke cusawa in rafali ya matsa. Yanzu na tara ɗan canji zan sayi shingad, abokaina sun ce in sayi ɗan mitsitsin nan irin na Grealish ɗan ƙwallon Ingila wai shi ake yayi kuma ba ya hana gudu. Wanne ka ga ya fi?
Daga wani ɗan ƙwallo, Mabera

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena, sannu da ƙafa Allah ya sawwaƙe. Kwali dai ka bar shi ga masu shago, mu ma da muna yara mun yi, har silifas ɗin soso munka riƙa yankawa muna cusawa, kafin a je hutun rabin lokaci zufa ta mai da kwalin kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa, rafali kawai kake ruɗi ba ƙafar da za ta same ka ba.

Ka shafa gaban ƙwabrinka yanzu ka ji, ƙashi ne sai fata a sama, babu naman da zai tare duka irin na sha-raɓa ko cinya, shi ya sa ko kujera ka yi karo da ita cikin duhu sai ka ga taurari. Aikin shingad biyu ne, robar waje mai tauri ta watsa ƙarfin dukan ya bazu maimakon ya taru wuri guda, soson da ke ciki kuma ya shanye saura. To in abin bai fi faɗin katin ATM ba, ina zai watsa dukan, kuma wa ya gaya maka mai tsaron bayan nan da ya taho da ƙarfinshi zai auna daidai inda ɗan katin yake?

Maganar Grealish kuwa, gaskiya ne yana sa ƙarami yana kuma saukar da safa ƙasa. Amma shi kan ciyawa yake wasa wadda ake ba ruwa kullum, da likitoci zaune bakin fili, in ya ji ciwo albashinshi na tafiya. Kai kuwa in ba ranar da anka yi sa'a anka kai ku filin Giginya ba, kan ƙasa mai tauri da tsakuwa kake bugawa, wanda zai tare ka wata ƙila but ɗin gwanjo ne ƙafarshi da ƙusoshin sun cinye sun yi kaifi. Kuma kai lamba 6 ne fa, tsakiya nan ne kasuwar duka, kai ke shiga ƙwace ƙwallo kai ake shigowa.

Dokar ƙwallo ta 4 ta sa shingad cikin kayan dole tare da riga da wando da safa da takalmi, tun 1990 FIFA ta wajabta shi, duk da abin ya daɗe, wani ɗan wasan Nottingham Forest ne Sam Widdowson ya fara yanka na wasan kurket ya ɗaura a 1874, har dariya anka yi mai lokacin. A 2024 masu tsara dokokin wato IFAB sunka ƙara cewa girman shingad da dacewarshi alhakin ɗan wasa ne. Yara da yawa sun ɗauka an ba su lasin ne su sa abin da sunka ga dama, ni kuwa abin da na fahimta shi ne an ce maka in ka karye kai ka jiyo.

Ranar da za ka Babbar Kasuwa ka tafi da safar da kake wasa da ita, kar ka aiki kowa. Ka samu benci ka zauna ka ɗora shi bisa ƙwabrin, sama ya tsaya kamar yatsu biyu ko uku ƙasa da gwiwa, ƙasa kuma ya bar yatsu biyu kafin inda ƙafa ke lanƙwashewa. Ka ja safa ka miƙe ka ɗan duƙa ka yi tsalle ko da mai shago na kallonka, in yana tokarin gwiwa ko yana cizon saman ƙafa ya yi maka yawa, in kuma akwai rata tsakaninshi da ƙashi har yatsa na shiga ta gefe to lanƙwasarshi ba ta ƙafarka ba ce. S da M da L da ake rubutawa yawanci da tsawon mutum ake auna su kuma kowane kamfani da nashi awo, ƙafarka ce alƙali ba kwalin ba. Ka diba kuma akwai na dama akwai na hagu, da yawa suna juya su ba su sani ba.

Sunan Nike ko Adidas da ke jiki kar ya ruɗe ka, jabu sun cika gari. Ka matsa shi da hannu biyu, in robar ta yi fari wurin da ta lanƙwashe ko ka ji ƙas-ƙas to ajiye. Ka tsunkuli soson, mai kyau yana dawowa, na banza yana lafewa kamar takarda. Na gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, in dai babu tsagewa kuma soson bai ɓare ba. Masu tsadar nan na kabon ba su da nauyi kuma suna da ƙarfi, amma a gasar unguwa robar kirki ta ishe ka, ragowar kuɗin ka sayi 'yar safar roba da ake zura shi ciki don kar ya riƙa zamewa yana komawa gefe. In tef za ka naɗa bisa safa, doka ta ce launinshi ya zama ɗaya da na safar.

Ba zan yi maka ƙarya ba, shingad ba laya ba ne. 'Yan Arsenal ba su manta 2010 ba da Aaron Ramsey ya karye ƙasusuwa biyu na ƙafa a wasansu da Stoke. Amma yanka da kumburi da yawancin dukan yau da kullum yana tare su. Shi kuma kumburin naka, in ba ka iya taka ƙafar sosai ko wuri guda ke zogi in ka danna ƙashin, ka je asibiti a ɗauki hoto kafin wani ya ja ka wurin mai ɗori.

TAMBAYA: Malam Koci, ɗana shekararshi 9 an ce ya kawo shingad makarantar ƙwallo. Ina so in sayo mai ɗan girma yadda zai daɗe yana sawa, ko ya ka gani?
Daga wata uwa, Arkilla

AMSA: Hajiya ina wuni, Allah ya raya mana shi. Wannan dabarar ta rigar sallah ce, ba ta aiki nan. In ya yi mai yawa zai riƙa tokarinshi yana juyawa, ƙarshe yaron ya cire ya jefa jaka ba ki sani ba. Ki je da shi a gwada, ki nemi irin wanda ke haɗe da ɗan soso mai rufe idon sawu da igiya da ke bi ta ƙarƙashin tafin ƙafa, don yara ba su iya auna ƙafa ba, idon sawu sunka fi harbi. In ya girme shi ƙanenshi ya gada.

TAMBAYA: Koci nawa wari yake kuma ƙwabrina na ƙaiƙayi har da ƙuraje, mi zan yi?
Daga wani gola, Runjin Sambo

AMSA: Abokina ai dole, garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu kai kuma ka gama wasa ka dunƙule shi da jiƙaƙƙiyar safa cikin leda har sati. Ka wanke shi da sabulu da ɗan buroshi ka ɗauraye sosai, ka shanya a inuwa inda iska ke bi, kar ka aza shi bisa kwanon ɗaki rana ta lanƙwasa robar. Ka riƙa sa siririyar safa tsakaninshi da fata, ka daina ba da aro kuma. In ƙurajen sun fara ruwa ko suna yaɗuwa ka huta da sa shi kwana biyu ka nuna ma likita.