Tambayoyi da Amsoshi: Kira Ɗaya a Wayoyi Uku, da Batun Lambar Gaggawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon magani a Zariya, an haɗa mana wayar ofis ta intanet. Idan aka kira lambarmu, wayar tebur da kwamfuta da wayar hannuna duk sai su yi ƙara tare. Yaya hakan ke faruwa? Kuma me ya sa wani lokaci kira ke faɗawa akwatin saƙon murya tun kafin kowa ya ɗaga?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan shi ne raba kira. Yawancin wayoyin intanet suna aiki da ƙa'idar SIP, wato tsarin da na'urori ke bi wajen haɗa kira, wadda aka fara fitarwa a 1999, aka sabunta ta a 2002. Kowace na'urarka tana yin rajista da sabar kamfanin wayar intanet ɗinku, wato kwamfutar da ke rarraba kira, ta sanar da ita inda za a same ta. Idan kira ya shigo, sabar ta aika gayyata ga dukkansu lokaci guda. Wadda ta riga amsawa ita ke karɓe kiran, sauran kuma a aika musu saƙon sokewa, su yi shiru. Akwai kuma tsarin bi-da-bi: wayar tebur ta yi ƙara na ɗan lokaci, in ba a ɗaga ba a wuce ta gaba. Manhajoji irin su Asterisk da 3CX duk suna iya yin biyun.

Matsalarka daga tseren take. Idan ta lambar layinka ake tura kiran zuwa wayar hannunka, kuma a kashe take ko babu sabis, akwatin saƙon murya na kamfanin layinka yakan amsa nan take, sabar kuwa ba ta bambanta shi da mutum. Ka sa mai haɗa muku ya saita yadda sai an danna 1 kafin a karɓi kira a wayar hannu, ko ka kashe akwatin.

Tambaya: Malam, ni manajan wani ƙaramin otal ne a Kaduna, wayoyin ɗakunanmu na intanet ne. Idan gobara ta tashi, baƙo zai iya kiran lambar gaggawa ta 112 da su? WhatsApp fa?

Amsa: Na ji daɗin wannan tambaya, domin rai ne a ciki. WhatsApp dai cire shi daga lissafi; sharuɗɗansa sun faɗa ƙarara cewa ba ya kai kira ga hukumomin agaji. Wayoyin ɗakuna kuwa, sai idan kamfanin da ke ba ku layi ya buɗe wa 112 hanya, kuma an saita na'urar otal ta bar kiran ya fita.

Tushen matsalar shi ne wayar intanet ba ta san inda take ba. Tsohuwar wayar tangaraho a ɗaure take da adireshi guda, wayar salula kuma hasumiyar sadarwa na nuna yankin da take, sai a tura kiran cibiyar agaji ta wannan jihar. Wayar intanet kuwa ka ɗauke ta daga Kaduna zuwa Maraɗi, lambarta ba ta canzawa. Adireshin da aka rubuta ranar rajista shi kaɗai tsarin ya sani. A Kanada a 2008 an tura motar asibiti tsohon adireshin wani iyali a lardin Ontariyo, alhali sun riga sun koma birnin Kalgari, ɗansu ƙarami ya rasu. Tun 2005 hukumar sadarwar Amurka ta wajabta wa kamfanonin wayar intanet da ke haɗe da layukan waya na gama-gari su riƙa isar da kiran 911, lambar gaggawa ta ƙasar, tare da adireshin mai kira.

Abu na biyu ya fi shafar ku masu otal. A jihar Tekzas a 2013 an kashe wata mata a ɗakin otal, ’yarta mai shekara 9 ta yi ta buga 911 bai shiga ba, saboda sai an fara danna 9 kafin kira ya fita waje. Daga nan aka samu Dokar Kari, mai ɗauke da sunan matar, wadda aka sa wa hannu a 2018, ta tilasta a riƙa barin kiran gaggawa ya fita kai tsaye, a kuma sanar da teburin karɓar baƙi. Dokar ta Amurka ce, amma ban ga dalilin da zai sa ka jira a tilasta maka ba.

Kada kuma a raba kiran gaggawa kamar na ciniki. Ya bi hanya ɗaya tabbatacciya, ta biyu tana jiran ko-ta-kwana. Idan layi ya katse jami'an agaji suka sake kira, ya kamata kiran nasu ya koma ɗakin da aka buga daga cikinsa ko teburin da mutum ke zaune dare da rana, kada ya faɗa muryar nan mai cewa a danna 1 ko 2.

Ka nemi kamfanin da ke ba ku layi ya ba ka amsa a rubuce kan inda kiran 112 ke zuwa da adireshin da ke rajista. Ka haɗa na'urorin intanet da inbata, domin wuta na ɗaukewa wayoyin sun mutu. Sannan a ajiye wayar salula mai caji a teburin baƙi, a liƙa cikakken adireshin otal kusa da wayar kowane ɗaki.