Me ya sa kwalbar ruwan sanyi take gumi?

Ka tambaya ko ɗigon da ke tsatstsafowa a jikin kwalbar da aka ciro daga firiji daga cikinta yake yoyowa. A'a, malam, ko kaɗan. Saka kwalbar gilashi wadda babu komai a ciki ta yi sanyi, ka ciro ta, za ta jiƙe duk da haka.

Ruwan nan na iska ne. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da tururin da ido ba ya gani, kuma mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗauka nesa ba kusa ba: a digiri 30 na ma'aunin Salsiyas, mita kubik ɗaya na iska kan iya ɗaukar kusan giram 30 na ruwa, a digiri 5 kuwa bai wuce giram 7 ba. Da iskar ta taɓa kwalbar sai ta huce, rarar tururin ta koma ruwa, ƙanana-ƙanana kamar hazo, su haɗu su gangaro. Raɓar asuba kan ciyawa ma haka take samuwa.

Shi ya sa ranar da iska ke da laima kwalbar kan jiƙe sharkaf, a busasshen yanayi kuwa da ƙyar ka ga ɗigo.