In ban fesa maganin hanci ba, ba na iya barci

Tambaya: Likita, tun shigowar hunturu hancina yake toshewa. Na sayi maganin feshi a kemis, fesawa ɗaya sai ya buɗe. Yau wata biyu ke nan. Da can sau biyu a rana ya ishe ni, yanzu sai na yi biyar, kuma in babu shi ba barci. Mura ce ta ƙi warkewa? Daga wani ɗan adaidaita sahu a Kurna.

Amsa: Malam, murar ta daɗe da tafiya, maganin ne ya riƙe ka. Duba jikin kwalin, mai yiwuwa ba zai wuce xylometazoline ko oxymetazoline ba.

Cikin hanci wata siririyar fata ce mai damshi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Abin da aka fesa nan take yake ratsawa, ba sai ya bi ta ciki da hanta kamar ƙwaya ba. Shi ya sa ma ake iya bi ta hanci a ba yaro mai jijjiga maganin tsayar da ita, midazolam, idan an rasa jijiyar da za a yi masa allura. Naka kuwa aikinsa ya matse jijiyoyin nan, kumburi ya sace, iska ta wuce. Da ƙarfinsa ya ƙare sai su sake kumbura fiye da dā, kai kuma ka sake laluba aljihu. Takardar da ke cikin kwalin, wadda kowa ke jefarwa tun a bakin kemis, ta ce kada a wuce kwana 3 zuwa 7, gwargwadon irinsa.

Ka fara dainawa a ƙofar hanci ɗaya, in ta warware ka koma ɗayar. Za ka sha wuya na kamar mako ɗaya ko biyu, ba zan ɓoye maka ba. Ka riƙa amfani da feshin ruwan gishiri, ka sa takunkumi in kana kan titi. Likita zai iya rubuta maka fluticasone, wani feshin rage kumburin hanci, amma shi ba ya buɗe hanci nan take, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum. Wajen fesa shi ka fyace, ka ɗan sunkuyar da kai, ka karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada ta kalli bangon tsakiya, don nan ne haɓo ke ɓallewa. In ka ji ɗaci a maƙogwaro, alama ce ƙarfin shaƙarka ya yi yawa.

In kana da hawan jini, ko ɓangare ɗaya kaɗai ke toshewa, ko kana ganin jini, je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka tafi da kwalbar a hannunka.