Ɓawon Katantanwar Teku a Kankare: Amsoshin Wannan Mako

Na zauna a Fatakwal, na ga suna zuba kankare da ɓawon katantanwar teku a madadin tsakuwa. Ginina na Rikkos, a Jos, ya kai dekin. In sa a kawo mini mota guda, tunda can kusan kyauta ne?

Malam, kada ka soma. Mutanen Ribas da Bayelsa ba don ɓawon ya fi dutse suke sa shi ba. Ƙasarsu fadama ce, tsakuwa sai an yi dakonta daga nesa. Kai kuwa a Jos duk inda ka juya dutse ne, ga masu fasa shi a bakin hanya. Kuɗin mota kaɗai zai cinye rarar da kake hange.

A ce ma kyauta aka sauke maka. Ɓawon yana da rami a ciki, siminti ba ya kama shi yadda yake kama tsakuwa. Kwaɓin yakan yi tauri, sai lebura ya ƙara ruwa don shebur ya shiga, kuma yawan ruwa shi ke kashe kankare. Ga gishirin teku da ke maƙale a jiki: shi zai ci rodi a ɓoye, tsatsa ta kumbura, kankaren ya tsage daga ciki. Ba wannan daminar za ka gani ba, sai iyali sun tare. Dekin, fila da linta, babu ruwansu da ɓawo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne inda muke neman sauƙi. Mutum zai sayi tayil mai tsada da ƙofar Turkiyya, amma in aka zo kan abin da zai riƙe rufi a kan 'ya'yansa, nan yake ciniki. A sayi simintin da ya kwana cikin danshi ya yi gudaji-gudaji. A karɓi buhun da aka farke aka sake ɗinkewa, ba a ɗora shi a sikeli an ga ko ya cika kilo 50 ba. A kawo rodi a ce milimita 12 ne, babu wanda ya auna. Kwaɓin da aka sani shi ne buhu ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, sai birkila ya mayar da yashin shida, mai gini yana murna siminti ya yi auki. Wanda ya ga ginin makarantar da ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos a Yulin 2024, ɗalibai na ciki, bai kamata a yi masa wa'azi a kan ingancin gini ba. Ka nemi injiniya ya duba maka rodi kafin a zuba, ka tsaya da kanka ranar zubin.

Ina sayar da abinci, ɓawo ya taru mini buhu-buhu. Ina so in yi daɓen tsakar gida da shi, kuɗina kaɗan ne, kuma ina tsoron asara.

Hajiya, kwantar da hankalinki, naki mai yiwuwa ne, domin daɓe ba rodi kuma ba ya ɗaukar nauyin kowa a sama. Ki jiƙa ɓawon kwana biyu kina sauya ruwa, a wanke har warin ya tafi, domin ragowar nama yana hana siminti kamawa. A shanya ya bushe ƙarau, a farfasa, a tankaɗe garin a zubar. Cikin kwano takwas na tsakuwa, ɗaya da rabi kawai za ki maye da ɓawo. Kada ki bari ya kai uku ko me birkila ya ce. Kauri inci uku zuwa huɗu, a kan ƙasar da aka daddaɓe sosai. Sai ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, musamman in hunturu ne, don iskar Jos tana busar da daɓe kafin ya kama. Ɓawon dodon koɗi na tudu kuwa siriri ne, ki ware shi.

An ce in na ƙona ɓawon na daka, ya zama siminti.

Wa ya ce? Sai wuta ta kai wajen digiri 900 kafin ya toye, da wuya murhun gawayinka ya kai. In ma ya toye, farar ƙasa ka samu, ta shafen bango. Ka sa safar hannu, tana cin fata.