Amsa ga mai tambaya ko labaran Law & Order da gaske suka faru

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko abin da ake nunawa a shirin 'yan sandan nan na Amurka gaskiya ne ko ƙage. Na daɗe ina kallonsa, kuma na taɓa shan kunya a kansa, bari in ba ka labarin.

Shirin ya fara a tashar NBC a 1990, reshensa na SVU, mai bin laifukan fyaɗe da cin zarafi, ya biyo baya a 1999. Salonsu shi ne su ɗauko abin da ya cika jaridu, su sauya suna da ƙasa, su ɗora nasu. A wasu sassan har rubutawa suke yi cewa labarin ƙirƙira ne, bai shafi kowa ba. Wannan garkuwar lauyoyi ce kawai, wanda ke sauraron labarai ya san wa ake nufi.

Wanda ya kama ni shi ne sashen da ya buɗe zango na 13 na SVU, a Satumbar 2011. Wani babban jami'in diflomasiyyar Italiya ne ma'aikaciyar otal, 'yar Sudan, ta zarga da yi mata fyaɗe. Ai ko makaho ya shafa ya san Dominique Strauss-Kahn ne, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) a lokacin, wanda aka sauko da shi daga jirgin Air France a New York ranar 14 ga Mayu, 2011, bayan Nafissatou Diallo, 'yar Gini mai gyaran ɗakuna a otal ɗin Sofitel, ta kai ƙara. Mutumin da ake ganin zai iya zama shugaban Faransa a 2012 sai ga shi da ankwa, ya kwana a kurkukun Rikers, cikin kwanaki ya ajiye muƙaminsa.

To bayan shekaru, muna zaune wurin mai shayi zancen ya taso. Na dage, har da buga benci, cewa an yi shari'ar, matar ta tsaya ta ba da shaida gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Wani abokina bai ce uffan ba, ya miƙo mini wayarsa. Ashe ba a taɓa zaman shari'ar laifin ba. A watan Agustan 2011 ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan, Cyrus Vance, ya nemi a kori tuhumar, saboda sun gano ta yi ƙarya a wasu bayananta, har da na neman mafaka. Ƙarar neman diyya da ta shigar kuwa sulhu aka yi a Disambar 2012. Kotun da nake rantsuwa na gani, a talabijin na gan ta. Shayin nan da ƙyar ya wuce.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Shirin kan ba ka kotu da hawaye cikin minti arba'in da 'yan kai, su zauna maka a ka fiye da rahoton gaskiya, wanda ya ƙare ba wanda ya ji daɗi. Wata huɗu kacal tsakanin kamun da fitowar sashen, matar na raye, shi ma haka, ƙararta ma tana kotu.

Har yanzu ina kallo, ban fasa ba. Sai dai yanzu in aka gama sashe, nakan nemo ainihin labarin kafin in buɗe baki a majalisa.