Tambaya da Amsa: Rubutun Burushi a Allon Shago

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra a Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma ina son allon shago mai irin rubutun nan da ke kama da wanda aka ja da burushin fenti. Da mai kwamfuta ya nuna mini samfuri, sai na ga harafin ƙ na kalmar "ƙamshi" ya fita daban da 'yan'uwansa. Daga ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Laifin ba na kwamfutar ba ne, daga salon haruffan yake. Wannan nau'in ya daɗe, domin Robert E. Smith ya zana wanda ake kira Brush Script a Amurka tun 1942, sannan Roger Excoffon ya fitar da Mistral a Faransa a 1953, inda ya kwaikwayi rubutun hannunsa. Masu kaushin da ake yayi yanzu kuwa, akan rubuta su a takarda da burushi na gaske, a ɗauki hotonsu cikin kwamfuta, a bar tabon inda fenti ya fara ƙarewa. Sai dai yawancin masu zana su harsunan Turai suka yi wa, ba su tanadi ƙ da ɗ da ɓ ba, shi ya sa kwamfuta kan aro harafin daga wani salo ta liƙa a tsakiyar kalma.

Saboda haka, kafin ki amince da kowane salo, ki sa a fara buga waɗannan haruffa, manya da ƙanana, ki gani da idonki. Idan babu su, wanda ya iya manhajar zane ta CorelDRAW zai iya mayar da rubutun zane, ya ƙara wa k lanƙwasarta da hannu daidai da kaurin sauran. Kada ki yarda a ce a bar ta haka wai kowa zai gane, domin tsakanin "baƙi" da "baki" wannan 'yar lanƙwasar ce kawai.

Ki kuma taƙaita salon ga sunan shago kaɗai, kada a rubuta shi da manyan haruffa zalla, tun da an yi ƙananan ne su riƙe hannun juna. Lambar waya da jerin kaya a yi su da miƙaƙƙen rubutu wanda mai wucewa a Keke Napep zai karanta da kallo ɗaya.

Ni dai da shagona ne, da na nemi ɗaya daga cikin masu fentin da ke rubuta kirari a bayan manyan motoci, ya rubuta sunan a farar takarda da baƙin fenti, a kai wa mai kwamfuta ya ɗauka. Hannunsa ya san ƙ tun fil azal, kuma a cikin "ƙamshi da armashi" ba za ki sami harafin "a" guda biyu iri ɗaya ba, wanda nan ne salon kwamfuta kan tona asirin kansa.